Alkawarin Allah Yana Bin Jikoki, ko da Mutuwar Mai Shi Yake Ƙarewa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a garin Marwa na Kamaru. Kakanmu alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka, yana da tsangaya a ƙofar gida, mahaifinmu kuma ya koma ga Allah ba a san shi da cin haƙƙin kowa ba. Tun muna yara ake gaya mana cewa Allah Ya yi alkawarin tsare zuriyar mutanen kirki, ana kawo mana ayar bangon marayu. To yau ga gidanmu: tsangaya ta mutu, shagon Baba ya rufe tun da hanyar garin Banki na kan iyaka ta toshe, mu 'ya'yansa ba ma ga maciji saboda gado, ƙanena kuma ya bar salla ya faɗa shan ƙwaya. Mutanen unguwa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ina jin tsoron abin da zuciyata take raya mini. Malam, ina alkawarin yake? Yana bin 'ya'ya da jikoki, ko da mutuwar mai shi yake ƙarewa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Alaramma da mahaifinku, Ya haskaka makwancinsu, Ya shirya ƙanenka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a dunƙule: shin akwai alkawarin da Allah Ya ɗauka game da zuriyar salihai, in kuwa akwai shi, me ya sa idonka bai gan shi a gidanku ba. Kafin komai ina so ka kwantar da hankalinka game da tsoron da ka ambata. Wanda ya ga abin da ya ɗaure masa kai ya zo yana neman bayani, alhali zuciyarsa tana ƙin ta munana wa Ubangijinta zato, yana cikin masu imani. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kusan irin tambayarka bayan ruwan ɗufana, Sayyidina Umar ma ya yi ta a ranar Hudaibiyya, kuma dukansu an ba su amsa. Zan zo kan amsoshin nan biyu, domin a cikinsu maganarka take.

Tushen da ba a taɓa shi shi ne cewa Allah ba Ya saɓa alkawari. Ya faɗi haka a Suratu Ali Imrana aya ta 9, da Suratur Rum aya ta 6, da Suratuz Zumar aya ta 20, a Suratut Tauba aya ta 111 kuma Ya yi tambayar da ba ta da amsa sai guda, wato wane ne ya fi Allah cika alkawari. Mutum yana saɓa alkawari ne saboda ya manta, ko ya kasa, ko ya mutu, ko kuma tun farko da ƙarya ya ɗauka, Allah kuwa Ya tsarkaka daga waɗannan duka. Saboda haka idan muka ga kamar an saɓa, wurin da za mu bincika shi ne fahimtarmu: me aka yi alkawarinsa, wa aka yi wa, da wane sharaɗi, kuma an yanka masa lokaci ko ba a yanka ba.

Abin da Allah Ya faɗa da abin da muka ɗora masa

A zaman da nake yi da mutane, musamman wajen rabon gado da sulhun iyali, na lura ana cakuɗa abubuwa uku. Akwai alkawarin da ya zo a nassi, cikin Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi, wannan babu makawa sai ya tabbata yadda aka faɗe shi. Akwai addu'ar iyaye, wadda take da girma ƙwarai, har hadisi ya lissafa ta cikin addu'o'in da ake amsawa, amma amsa addu'a tana zuwa ta fuska uku kamar yadda ya zo a hadisin Abu Sa'idil Khudri: ko a gaggauta wa bawa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labari cewa ya roƙi Ubangijinsa abu uku game da al'ummarsa, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya, kuma abin da aka hana shi ɗin shi ne kada rikici ya shiga tsakaninsu. Sai na uku, wato fatan alheri da mafarki da maganar da wani dattijo ya yi a ranar suna, cewa gidan nan ba zai taɓa rabuwa da arziki ba. Wannan na uku yana iya zama gaskiya, amma Allah bai ɗaure kansa da shi ba, kuma galibin waɗanda suke zuwa mini da karyayyar zuciya a kan wannan na ukun suka gina.

Babu aya ko hadisin da ya ce ɗan mutumin kirki ba zai yi talauci ba, ko shagonsa ba zai rufe ba, ko dukkan jikokinsa za su shiryu. Abin da ya zo ya fi wannan zurfi, kuma wurin da ya fi dacewa a koye shi shi ne tarihin Annabi Ibrahim, domin babu wanda aka yi wa alkawari game da zuriya kamarsa.

Amsoshi biyu da aka ba Annabi Ibrahim

A Suratul Baƙara aya ta 124, bayan Allah Ya jarraba shi da wasu umarni ya cika su, sai Ya ce masa zai sanya shi shugaba abin koyi ga mutane. Nan take zuciyar uba ta motsa, ya ce har da zuriyata. Aka amsa masa cewa alkawarina ba zai samu azzalumai ba. Ka lura ba a ce masa a'a ba, domin annabci da littafi sun tabbata a zuriyarsa kamar yadda Suratul Ankabut aya ta 27 ta faɗa, amma an tace roƙon, an fitar da wanda ya zaɓi zalunci ko da jinin Ibrahim ne yake gudana a jikinsa. Ayoyi biyu kacal bayan wannan, a aya ta 126, sai ga shi yana roƙa wa Makka aminci da arzikin 'ya'yan itatuwa, kuma a wannan karon shi da kansa ya taƙaita roƙon ga waɗanda suka yi imani da Allah da ranar lahira. Sai aka ce masa har wanda ya kafirta ma za a jiyar da shi daɗi kaɗan. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa Ibrahim ya so ya keɓe arzikin ga muminai, Allah kuwa Ya nuna masa cewa ba Ya halittar bawa Ya hana shi abinci.

Wannan wuri ne da nake daɗewa a kansa duk shekarar da tafsirin azumi ya kawo mu gare shi. Inda Ibrahim ya game, Allah Ya keɓe, inda kuma ya keɓe, Allah Ya game. Ma'anarsa ita ce abin duniya ba shi ne ma'aunin alkawari ba, tunda ana ba da shi ga mai salla da marar salla, shi kuwa alkawarin kusanci da shugabancin addini ba a cin gadonsa yadda ake cin gadon gona. Mu kuwa sai muka juya lissafin: muna auna albarkar gidan malam da yawan shagunan jikokinsa, muna kuma ɗauka cewa matsayinsa a wurin Allah zai gangaro wa jikokin ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Suratus Saffat aya ta 113 ta faɗi gaskiyar lamarin a fili, cewa an yi albarka ga Ibrahim da Ishaƙa, kuma a cikin zuriyarsu akwai mai kyautatawa akwai mai zaluntar kansa ƙarara. Albarka da ɓataccen jika sun haɗu a aya guda, a gidan da ya fi kowane gida, ɗaya bai kore ɗaya ba.

Sai ka dubi yadda aka cika wa Ibrahim. Ya ajiye Hajara da jaririnta Isma'ila a kwarin da babu shuka, da ta tambaye shi ko Allah ne Ya umarce shi ya ce e, sai ta ce to ba zai tozarta mu ba. Ya roƙi Allah Ya sa zukatan mutane su karkata zuwa gare su, kamar yadda yake a Suratu Ibrahim aya ta 37, ya kuma roƙa a aiko musu manzo daga cikinsu, a Baƙara aya ta 129. Ya rasu bai ga manzon ba, Isma'ila bai gan shi ba, al'ummomi suka shuɗe har aka cika Ka'aba da gumaka, waɗanda adadinsu ya kai 360 a ranar da aka buɗe Makka. Wanda ya rayu a tsakiyar wannan zamani yana iya rantsuwa cewa addu'ar Ibrahim ta faɗi ƙasa. Amma a cikin wannan zuriya da ta lalace aka haifi Annabi Muhammadu wajen shekara ta 570 miladiyya, kuma ya zo a hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito cewa ya ce shi ne addu'ar babansa Ibrahim da busharar Isa.

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarin cikar wannan addu'a, domin ta ƙofar gidajenmu ta bi. An ce wa Ibrahim ya yi shelar hajji, mutane za su zo masa da ƙafa da kan raƙuma daga kowace hanya mai nisa, a Suratul Hajji aya ta 27. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka ratsa Barno, suka ƙetare ruwa a Kusuri zuwa garin da ake kira Fort-Lamy kafin a mayar da shi Injamena a 1973, suka nufi Abeshe, suka shiga Darfur har bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, ana tsayawa a yi noma ko ɗinki ko koyar da yara a tara guzuri, wasu su haihu a hanya, wasu a binne su a hanya. Da yawa daga unguwannin Hausawa na Chadi da Sudan a kan wannan hanya suka tsiro, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Yau alhazanmu suna tashi daga filin jirgin Garwa su sauka cikin sa'o'i, su tarar da mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi a Arfa. Duk wannan amsar roƙon mutum ɗaya ne da ya tsaya a kwari babu kowa sai mace da jariri.

Lokacin cikawa

Mahaifiyar Annabi Musa an yi mata alkawari biyu a aya guda, Suratul Ƙasas aya ta 7: za a dawo mata da shi, kuma za a sanya shi cikin manzanni. Na farkon ya cika tun yana shan nono, Alƙur'ani ya ce an yi haka ne domin ta san alkawarin Allah gaskiya ne. Na biyun sai da ya girma, ya gudu Madyana, ya yi shekarun kiwon da surukinsa ya gindaya masa, takwas ko goma, sannan aka kira shi a gefen dutse. Mai alkawarin ɗaya ne, amma ajalin kowanne daban.

A shekara ta 6 bayan hijira Manzon Allah ya gaya wa sahabbai za su shiga Masallacin Harami su yi ɗawafi, suka fito da haramarsu, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya, aka ƙulla sulhun da a zahiri ya yi wa Musulmi nauyi. Umar ya kasa haƙuri ya ce, ashe ba ka gaya mana za mu zo Ɗakin mu yi ɗawafi ba? Annabi ya ce na faɗa, amma na ce maka bana ne? Umar ya ce a'a. Ya ce to za ka zo masa kuma za ka yi ɗawafi. A shekara ta 7 suka yi umarar, a ta 8 aka buɗe Makka. Umar bai ƙaryata ba, abin da ya faru shi ne zuciyarsa ta ƙara wa alkawarin kwanan wata, wanda ba ya cikinsa. Ina ganin wannan ne ciwon yawancinmu.

Wani alkawarin ma ya fi ƙarfin rayuwar mutum guda. Annabi ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim abu uku: mace za ta taso daga garin Hira na Iraƙi ita kaɗai ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah, za a buɗe taskokin Kisra sarkin Farisa, kuma za a kai lokacin da mutum zai fito da zinariya cike da tafinsa ya rasa mai karɓa. Adiyyu ya rayu ya ga biyu, har yana cikin waɗanda suka buɗe taskokin, sai ya ce wa na bayansa in kun yi tsawon rai za ku ga na ukun. Mus'abu ɗan Umairu kuwa ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bai ga ko ɗaya ba, mayafin da aka yi masa likkafani da shi in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har aka ce a rufe kan a sa ciyawa a ƙafafun. Khabbabu da ya ba da wannan labari ya ce a cikinmu akwai wanda ya tafi bai ci komai daga ladansa ba, akwai kuma wanda 'ya'yan itacensa suka nuna yana tsinka. Babu mai hankalin da zai ce an saɓa wa Mus'abu.

Akwai kuma jinkirin da mutane suke jawo wa kansu. An ce wa Bani Isra'ila su shiga ƙasa mai tsarki da Allah Ya rubuta musu, suka ƙi, aka haramta musu ita shekara 40 suna ɗimuwa, kamar yadda Suratul Ma'ida ta kawo daga aya ta 21 zuwa ta 26. Alkawarin bai mutu ba, ya tsallake waɗanda suka ƙi, ya jira 'ya'yansu, suka shiga ƙarƙashin Yusha'u ɗan Nun bayan rasuwar Annabi Musa.

Bangon marayu da ɗan Annabi Nuhu

Yanzu ga ayar da aka rene ku da ita, Suratul Kahfi aya ta 82, inda Halliru ya gyara bangon wasu marayu biyu a tafiyarsa da Annabi Musa. Gaskiya ne Allah Ya ambaci dalilin gyara bangon da cewa uban yaran salihi ne. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa an tsare su ne saboda kirkin ubansu, ba a ambaci nasu kirkin ba, an kuma ruwaito cewa Sa'idu ɗan Musayyib yakan ce wa ɗansa yana ƙara salla saboda shi, da fatan a tsare shi a cikin ɗan nasa, sannan ya karanta wannan aya. Don haka waɗanda suka gaya muku kirkin uba yana amfanar ɗa ba su yi ƙarya ba.

Amma ka sake duban yaran nan da kyau. Marayu ne, ubansu salihi ya mutu ya bar su ƙanana. Suna zaune a garin da mutanensa suka hana baƙi biyu abinci, ka ga ba garin da maraya zai ji daɗi ba ne. Bangonsu ya karkata yana shirin faɗuwa, babu wanda ya kula. Dukiyarsu tana ƙarƙashin ƙasa, ba su ci ko ƙwandala daga cikinta ba a lokacin, kuma babu inda aka ce an sanar da su dalilin da ya sa wani baƙo ya tsaya ya tayar musu da bango. Wanda ya wuce ta ƙofar gidan a ranar zai iya cewa ina amfanin kirkin ubansu, alhali a wannan ranar ce Allah Ya aiko Annabi Musa da Halliru su yi musu aikin gini kyauta. Tsarewar tana gudana, waɗanda ake tsarewa ba su sani ba, kuma an ɗaure bayyanarta da lokaci, wato sai sun kai ƙarfinsu. Sannan kada ka manta da ƙissar da ta gabaci wannan a surar, ta yaron da iyayensa muminai ne amma aka ji tsoron zai jefa su cikin ɓata da kafirci. Iyaye nagari ne a ƙissoshin biyu, sakamakon 'ya'yan ya bambanta.

Annabi Nuhu ya ce, ya Ubangiji, ɗana yana cikin iyalina kuma alkawarinka gaskiya ne. Aka ce masa ba ya cikin iyalinka, aikinsa ba na kirki ba ne. Wannan yana Suratu Hud aya ta 45 da ta 46. Idan ka koma aya ta 40 za ka ga tun farko an yi togiya, an ce ya ɗauki iyalinsa sai wanda hukunci ya riga ya tabbata a kansa. Sharaɗin yana nan tun ranar da aka yi alkawarin, tausayin uba ne ya rufe shi. Haka ma babban alkawarin da ya shafi zuriya a lahira, Suratuɗ Ɗur aya ta 21: waɗanda suka yi imani kuma zuriyarsu ta bi su da imani, za a riskar musu da zuriyar, ba tare da an rage wa iyayen komai ba. Wannan falala ce mai girma, domin jikan da aikinsa bai kai na Alaramma ba ana iya ɗaga shi zuwa darajar Alaramma don idon kakan ya yi sanyi, amma ƙofar shiga ita ce ya bi shi da imani. Annabi da kansa ya ce wa 'yarsa Faɗima ta roƙe shi abin da take so na dukiyarsa, amma ba zai wadatar da ita komai a wurin Allah ba, ya kuma ce wanda aikinsa ya jinkirtar da shi, nasabarsa ba za ta gaggauta da shi ba.

Game da gidanku

Abubuwa huɗu da ka lissafa ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a zuba su a ma'auni guda. Rufewar shago jarrabawa ce da ta game yanki. A lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014 aka rufe iyaka ta Banki da Amchide da Fotokol, fatake masu tsoron Allah da marasa tsoronsa duka suka karye, kamar yadda gidaje da yawa suka durƙushe a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi. Wannan ba hujja ba ce a kan kakanka ko a kanku, kuma amsar da aka ba Ibrahim a aya ta 126 ta ishe ka a nan.

Rikicin gado kuwa aikin hannunku ne, kuma a nan zan yi maka magana ba tare da rufa-rufa ba, domin a wannan fage na fi daɗewa. Abin da na fi gani yana rusa gidajen malamai da attajirai shi ne jinkirta rabo. Uba ya rasu, a ce kada a raba gida don kada zumunci ya watse, babban wa ya riƙe shago da sunan kowa ba tare da rubutu ba, mata a ce su yi haƙuri tunda suna gidan miji, tumunin matar uba a yi shiru a kansa. Bayan shekaru sai wasu magadan su mutu, nasu magadan su shigo, lissafi ya zama gado a cikin gado, kowa yana zargin kowa. Na zauna a wani zaure inda aka buɗe akwatin mamaci, aka fito da Alƙur'ani rubutun hannunsa a cikin gafaka, da allunansa da tawadar ta bushe a jikinsu, magada suna ta musu a kan kuɗin fili, babu wanda ya miƙa hannu ya tambayi wa zai ɗauki waɗannan. Ƙarshe wata ɗiyarsa da ba ta ce uffan ba tun safe ita ce ta rungume su ta fita tana hawaye, kuma a ɗakinta ne yaran unguwa suke karatun allo yanzu. Ban ce wannan hujja ce ta shari'a ba, amma na sha ganin abin da kaka ya shuka ya tsiro ta reshen da ba a zata ba, ta wajen 'ya mace, ko jikan da aka raina, ko almajirin da ba jininsa ba. Kafin ka ce tsangayar Alaramma ta mutu, ka bincika gardawan da suka yi sauka a hannunsa, ka ji inda suke da waɗanda suke koyarwa.

Allah Ya ce wa Bani Isra'ila, a Baƙara aya ta 40, ku cika alkawarina in cika naku. Ɓangarenku a yau a bayyane yake. Ku kira malamin da ya san fara'ila da dattawa biyu da kowa ya yarda da su, ko ku je gaban alƙalin fadar lamiɗo in abin ya ƙi, a fara da biyan bashin mamaci, a zartar da wasiyyarsa in bai wuce sulusi ba, sannan a ba kowa rabonsa a rubuce, mace da namiji, da na kusa da wanda yake Duwala ko Injamena. In kai ne kake riƙe da wani abu, ka fara sauke shi kafin ka nemi na hannun wani. Suratun Nisa'i aya ta 9, wadda ta zo a tsakiyar ayoyin marayu da gado, ta ce waɗanda suke tsoron barin zuriya masu rauni a bayansu su ji tsoron Allah su faɗi magana madaidaiciya. Kai ma uba ne ko za ka zama, kuma yadda ka yi da haƙƙin 'yan'uwanka a wannan rabo yana cikin abin da kake ajiye wa naka 'ya'yan. Ka kuma nemi abokan mahaifinka da suka rage ka gaishe su, domin hadisin Ibn Umar a Sahihu Muslim ya sanya wannan cikin mafi girman biyayya ga uba bayan rasuwarsa. Zauren kuma ko yara biyar ne a samu mai biya musu karatu bayan magariba, ba sai an jira ginin makaranta ba.

Ƙanenka kada ka yanke masa hukuncin ɗan Nuhu. Nuhu wahayi aka yi masa, kuma bayan ɗan ya riga ya halaka a kan kafirci, kai kuwa ɗan'uwanka yana raye, ƙofar tuba a buɗe take. Suratu Maryam aya ta 59 ta ambaci 'yan baya da suka zo bayan annabawa suka tozarta salla suka bi sha'awa, aya ta 60 kuma nan take ta togace wanda ya tuba ya yi imani ya yi aikin ƙwarai. Shan ƙwaya zunubi ne kuma ciwo ne, yana bukatar likita kamar yadda yake bukatar nasiha, saboda haka ku kai shi asibiti, ku raba shi da abokan da suke kawo masa, ku ba shi aikin da zai riƙe hannunsa. Rabonsa na gado haƙƙinsa ne, ba ya faɗuwa saboda saɓo, sai dai in ya tabbata ba ya iya riƙe dukiya, a nan shari'a ta yarda a naɗa amintacce ya riƙe masa yana ciyar da shi daga ciki har ya dawo hayyacinsa, kuma wannan hukuncin alƙali ne, ba na 'yan'uwa masu husuma da shi ba.

Abin da ba ni da ikon yi, ni ko wani malami, shi ne in gaya maka dalilin da ya sa Allah Ya hukunta wa gidanku wannan a wannan lokaci, ko in yanka maka ranar da zai yaye. Wannan gaibu ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai buga ƙasa ya gano maka shi, ko ya ce wani dangi ne ya yi muku asiri ya binne albarkar gidan, ka guje shi, domin zai ƙara muku wuta ne a kan wadda kuke ciki. Ban kuma ji ta bakin 'yan'uwanka ba, don haka maganata a kan gadon shawara ce ta gaba ɗaya, hukuncin wane ne mai gaskiya sai an zauna da kowa an ga takardu da shaidu. In kun shirya zaman, ka rubuto mini adadin magada da dangantakar kowa da mamacin, da waɗanda suka rasu bayansa kafin a raba, zan fitar muku da lissafin. Allah ne Mafi sani.